Rigar da Ba Ta Shiga Daren Kyaftin Ba

Hoton nan da ke rataye a majalisin gidana inda nake saukar baƙi, wanda 'yar'uwarku Ramla ta kai aka ƙara masa girma aka sa masa gilashi, ina so ku sauke shi bayan raina. Ban ce ku ƙona shi ba, kakanku ne a ciki. Amma ku daina tsayar da baƙi a gabansa kuna cewa, “Shuf jaddi, dubi kakanmu a daren kyaftin, da baƙar kwat kamar wani wazirin ƙasa.” Shekara da shekaru ina jin ku kuna faɗin haka, ina murmushi ina zuba wa baƙin shayi. Yanzu hannuna ya fara rawa, likita kuma ya fara yi mini magana a hankali irin wadda ake yi wa wanda ake tausayi, don haka na ga gara in rubuta muku yadda aka yi aka ɗauki hoton. Da Hausa zan rubuta, ko da yake na san rabinku sai an karanta muku an fassara. A kan Hausa na yi laifin, da ita ya kamata in faɗe shi.

Kakanku Malam Ilu maɗinkin riguna ne, na allura ba na keke ba. Yana yaro ya bar ƙasar Kano tare da mahaifinsa, a ƙasa, da niyyar aikin hajji, hanya ta riƙe su a Sudan har ya yi gemu ya yi aure a wani ƙauye kusa da Sinnar. Can aka haife ni. Ina da kamar shekara goma muka ƙetaro teku, ya sauke farali, muka zauna a unguwar Nuzla ta Jidda cikin gidan kwano da katako wanda idan rana ta take ko kaza ba ta yarda ta shiga. A Jidda ba mai sayen babbar riga sai ɗaiɗaikun alhazai, don haka mutumin da ya iya aska takwas ya koma ɗinkin huluna da yi wa jallabiyoyin 'yan dako faci. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma akwai riga ɗaya da yake yi wa kansa, ta saƙi, wadda wani alhaji ɗan garinsu ya kawo masa ƙyallenta da zaren tsamiya daga gida. Kullum da safe, kafin ya taɓa aikin mutane, sai ya ba ta sa'a guda a ƙofar gida. Shekara huɗu yana wannan. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya riƙa jan tabarmarsa yana bin haske, yau taku ɗaya gobe taku biyu, har ya kai tsakiyar lungu, awakin maƙwabta suna tsallake shi. Kakarku Inna Asabe ita ke zura masa zare, allura goma a jere, ta soke su a jikin matashi ta ajiye a gefensa.

“Malam, ka bar rigar nan ta huta,” in ji ta. “Za ta cinye maka ɗan sauran idon.”

“Bari in gama ta, Asabe. In na sa ta sau ɗaya na gan ta a jikina cikin mutane, idon in ya ga dama ya tafi.”

“To ka sa ta haka mana, wa zai san ba a gama ba?”

“Ni zan sani.”

Ni kuwa a lokacin ba riga ce a gabana ba. A Sudan ana ce mana Fallata, a nan ana ce mana Takari, kuma kowa ya san aikin da aka ware mana: dako, ɗaukar ruwa, shara. Na yi shekara biyu ina sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, bayana ya saɓule ya warke ya sake saɓulewa. Idan na ɗaga kai sai in hango sufurajai, wato masu hidimar teburi a manyan jirage, sun jingina da ƙarfen bene cikin fararen kaya, ko ɗigon gumi babu a jikinsu. Na ƙudurta a raina sai na hau can. Larabcina na Sudan ne tsantsa, fuskata ba zane, don haka ranar da na ji wani jirgin fasinja na wasu Girkawa yana neman ma'aikata, na wanke jallabiyata na je. Shugaban sufurajai wani dogon Banube ne mai furfura, ana ce masa Usta Abdun. Ya juya tafin hannuna ya duba farcena, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga garin Madani na Sudan, Balarabe ne ni gaba da baya. Ya tambayi sunana. A gida Ɗahiru nake, a wurin na zama Tahir. Wakilin kamfanin ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, aka ɗaura iƙamata, takardar izinin zama, a jikin aikin, ni kuma na ɗaura wa kaina tsoron kada wata rana a gane ko ni wane ne a mayar da ni ƙarƙashin buhu.

Jirgin yana tashi daga Jidda zuwa Masar ya wuce gaba. In ba lokacin hajji ba, mutanen da ke cikinsa masu tafiyar shaƙatawa ne: attajiran Jidda masu gudun zafi, ma'aikatan kamfanoni da matansu, Turawa masu ɗaukar hoton kowane tsuntsu. A kowace tafiya akwai dare ɗaya da ake kira daren kyaftin, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so daren nan kamar raina. Namiji zai sa baƙar kwat mai sheƙi a wuya, farar taguwa da ta sha sitaci, da babiyon, wato ɗan baƙin ƙyalle da ake ɗaurawa a wuya kamar malam-buɗe-littafi. Takalmi sai ka ga fuskarka a ciki, kai kuma ba hula. Mata dogayen riguna har idon sawu. Ba mai zama sai kyaftin ya zauna, ba mai kai loma sai matar da ke teburin ta fara. Cokula masu yatsu guda uku ake jerawa a hagu, daga na waje ake farawa a shigo ciki. Mu sufurajai muna sa farar safar hannu, mu ajiye abinci ta hagun mutum mu ɗauke ta damansa, kuma ba ma buɗe baki sai an tambaye mu. Na haddace duk wannan fiye da yadda na haddace karatun allo, har na fara yi wa mutanen Nuzla kallon waɗanda ba su san duniya ba. Da rana nakan bi ɗakuna ina zura katin gayyata ta ƙarƙashin ƙofa. An rubuta shi da harsuna uku, Larabci a ƙasa, kuma layinsa na ƙarshe yana cewa wanda ya so yana iya zuwa da kayan girma na ƙasarsu. Shi ya sa attajiran Jidda ke shigowa da alkyabba mai bakin zinariya, matan Indiya kuma da nasu lulluɓin. Ku riƙe wannan layin, don a kansa komai ya tsaya.

A shekarata ta uku a jirgin Baba ya gama rigar, idon kuma ya kusa gama tafiya. Aka ba mu labarin wani likita a Masar mai cire yanar ido. Na roƙi Usta Abdun, ya nema wa Baba wuri a jirgin a matsayin mahaifin ma'aikaci, da ya ga kuma akwai ɗakin daraja ta biyu da ba kowa, ya ce a sa tsohon a ciki, ba zai kwana a fili iska tana dukansa ba. Kowa a gida ya yi murna ban da ni. Zanen fuskar Baba siriri ne, gemu ya haɗiye shi, kuma da farar jallabiya da rawani ba ka raba shi da kowane dattijon Sudan. Harshensa ne abin tsoro, don Larabcinsa da Hausa a goye yake fitowa. Muna hawa tsanin jirgi, ina riƙe da hannunsa, na sunkuya kusa da kunnensa.

“Baba, a cikin jirgi ka rage magana da mutane. In za ka kira ni kuma, ka ce Tahir.”

“Me ya sami Ɗahirun?”

“Turawa ba sa iya faɗa.”

Sai da muka kai ƙarshen tsanin, sannan ya ce, “To, Tahir.”

Rana ta biyu ita ce ta daren kyaftin. Da nake rabon kati na tsallake ƙofar Baba da gangan. Bayan la'asar na kai masa shayi, ina tura ƙofa ƙamshin shuni da turaren wuta ya tare ni. Ya shimfiɗa rigar a kan gado, ta cinye gadon har ta zubo ƙasa. Ban san Inna ta sa masa ita cikin ƙunshin kaya ba. Hasken tagar jirgi ya faɗo a kan ƙirjinta, askakin nan takwas suna tsaye cak, tambarin ya zagaye kamar an ɗora kwano an zana. Ban taɓa ganin aikin hannu irinsa ba, kafin ranar ko bayanta, kuma abin da na fara ji da na gan ta shi ne faɗuwar gaba. Duk wanda ya ga wannan riga a zauren cin abinci ya san daga inda muka fito. Baba yana zaune a bakin gado da kati a hannu, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

“Shugabanku ya kawo mini wannan da hannunsa,” in ji shi. “Ya ce kyaftin yana gayyatar mutane, kowa ya sa mafi kyawun kayansa. Ka ga ikon Allah? Ina ta tunanin inda zan fara sa ta, ashe a tsakiyar teku ne. Karanta mini in ji.”

Na karɓi katin na karanta masa. Na karanta lokaci, na karanta kwat da babiyon, na karanta dogayen rigunan mata. Da na zo layin ƙarshe na tsaya.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Baba.”

“Riga fa? Ba su ce komai a kan riga ba?”

“Doka ce, ba a shiga sai da kwat. In ka je da wannan za a mayar da kai daga bakin ƙofa a gaban mutane, ni kuma a kore ni daga aiki.”

Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙirjin rigar, ya daɗe yana shafa zaren da babban yatsa. Sannan ya ce to ba komai, zai zauna a ɗaki ya ci abin da Inna ta ƙunsa masa. Da na bar shi a nan, da laifina ya tsaya rabi. Amma Usta Abdun ya riga ya ware masa kujera, kujerar da ba kowa kuma tana jawo tambaya. Sai na ƙara wata ƙaryar a kan ta fari, na ce ƙin amsa gayyatar kyaftin cin mutunci ne. Na sauka ɗakin ajiya inda muke tara kwat-kwat na aro don fasinjan da ya manta tasa, na zaɓo wadda ta fi kusa da tsawonsa. Tana warin maganin asu da tabar wani mutum da ba mu sani ba.

Ni na tuɓe wa mahaifina jallabiya, ni na sa masa kayan, yana miƙo hannu yana ɗaga ƙafa kamar ƙaramin yaro. Da na zura masa kwat ɗin ya laluba ɗinkin hannunta da yatsa, ya ce, “Wanda ya ɗinka wannan sauri yake yi.” Na ɗaura masa babiyon, ya ce na shaƙe shi, na ce haka ake yi. Takalmin ya matse shi, na ce zai saki. Da na kai hannu zan cire masa hula sai ya riƙe wuyan hannuna.

“Har da ita?”

“Har da ita, Baba.”

“Ban taɓa fita cikin mutane kai ba hula ba sai da harami.”

Ya saki hannuna, na cire ta na ajiye a kan rigar. Kansa ya fito ƙarami, fari fat, da shatin hula a goshi. A bakin zauren cin abinci ƙafarsa ta ji laushin darduma, sai ya sunkuya zai cire takalmi, kamar yadda kowane mai tarbiyya a wurinmu ke yi in zai shiga wurin babba. Na damƙe gwiwar hannunsa na ɗago shi da ƙarfi. Har yau ina jin ƙashin hannun nan a tafina.

An zaunar da shi tare da wani Bagirke da matarsa da wani ɗan kasuwa daga Labanan, kuma teburin yana cikin waɗanda nake yi wa hidima. Fitilu sun yi masa yawa, farin ƙyallen teburi da fararen faranti duk sun haɗe masa sun zama abu ɗaya. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya miƙe baya. Na zo ta hagunsa da kifi, da farar safata, na ajiye. Ya ji ƙamshin jikina ya gane ni, ya ɗan karkato kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa.

“Ɗahiru, wanne zan ɗauka?”

Usta Abdun yana tsaye taku uku daga wurin. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce da Larabci, “Na'am ya sidi, ruwa kake so?” Na cika masa kofin da yake cike, na wuce teburi na gaba. Bai sake yi mini magana ba. Aka kawo kifi aka ɗauke, aka kawo nama aka ɗauke, bai taɓa ko ɗaya ba. Gurasa kaɗai ya lalubo, yana gutsura kaɗan-kaɗan. Ana cikin haka wani attajirin Jidda ya gifta ta gabansa zai gaisa da kyaftin, alkyabbarsa tana jan ƙasa, bakin zinariyarta yana walƙiya a ƙarƙashin fitila. Na ga kan Baba ya bi walƙiyar a hankali har ta ɓace masa. Na ce a raina bai gani ba, ai ba ya gani. Nan mai hoton jirgi ya iso ya haska masa fitila a fuska. Wannan ɗaure fuskar da kuke cewa kwarjini ne, ba kwarjini ba ne. Tsoho ne mai jin yunwa, takalmi ya matse shi, haske ya soke masa ido, ɗansa kuma ya yi kamar bai san shi ba.

Da aka tashi na kai masa shinkafa da nama ɗaki. Na tarar ya mayar da jallabiyarsa da hularsa, ya ninke kwat ɗin fiye da yadda aka ba ni ita, har ya ɗinke wani maɓalli da ke lilo, da lalube. Rigar saƙi ta koma cikin ƙunshi. Ya wanke hannu ya ci abincin tas, sannan ya ɗago kai wajen da yake jin numfashina.

“Na yi daidai ko? Ban ba ka kunya ba?”

Na ce ya yi daidai. Na kwashe kwanuka na fita, na tsaya a bayan ƙofa ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Abin da na ji, in faɗa muku gaskiya, sauƙi ne. Na tsira da aikina.

Aikin ido ya yi rabin kyau. Na dama ya tafi ke nan, na hagu ya dawo daidai yadda zai karanta Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe ya kuma gane fuskar mutum, amma bai ƙara yin aikin tsamiya ba. Muka dawo Nuzla da hoton, shi da kansa ya sa aka rataye shi, duk wanda ya zo sannu da zuwa ya nuna masa ya ce, “Ɗana ne ya shirya ni.” Da ƙaramar salla ta zo Inna ta fito da rigar ta turara ta. Ya ce, “Mayar da ita, Asabe, zafi ake yi.” Da babbar salla ya ce kafaɗarsa na ciwo, rigar tana da nauyi. Ranar ɗaurin aurena da mahaifiyarku, dattawan Nuzla da na unguwar Ruwais duk sun zo da manyan riguna, shi ya fito da farar jallabiya, ya ce ango ake kallo ba uban ango ba. Kowace shekara da uzurinta. Na yarda da su duka, don yarda ta fi mini sauƙi.

Bayan wasu shekaru mutane suka koma jirgin sama, Girkawa suka sayar da namu. Ranar sallama muna tsaye a tasha da akwatunanmu, Usta Abdun ya kama kafaɗata, ya dube ni, ya ce da Hausa, da karkataccen harshensa, “Sannu da aiki, Ɗahiru.” Ya yi dariya ya koma Larabci.

“Kana zaton ban sani ba? A makonka na farko miya ta zubo maka a hannu ka ce wayyo Inna. Ni a Bur Sudan na girma, katanga ɗaya da mutanenku. Ina ruwana da inda ka fito, hannunka ba ya rawa da faranti, halas.”



“Abu ɗaya ne ya ba ni haushi,” ya ci gaba. “Ranar da mahaifinka ya hau jirgi na hango bakin wata riga a ƙunshinsa. Shi ya sa na kai masa kati da kaina, na sa shi inda kyaftin zai gan shi. Na yi ta jiran rigar nan ta shigo zaure, sai ga tsoho cikin kwat ɗin aro. Na ce to, wataƙila shi ya so haka. Yalla, ka gaishe shi.”

Daga tasha har Nuzla a ƙasa na tafi, da akwati a ka kamar ɗan dakon da nake a da, ina shirya maganar da zan faɗa wa Baba. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “An sayar da jirgi.” Ya ce Allah ya musanya da mafi alheri. Na ce gobe zan faɗa masa. Na sami aiki a wani otal a cikin gari, aka haifi babbanku, aka haifi mai bi masa, goben ba ta zo ba. Sau da yawa nakan zauna kusa da shi bayan magariba, maganar tana bakina, sai ya tambaye ni lafiyar yara, in amsa, in tashi. Wata safiya ina jera cokula a otal aka aiko a kira ni. Zazzaɓin kwana biyu ne ya kama Baba. Kafin in iso an rufe masa fuska.

Bayan an share zaman makoki Inna ta kira ni ɗakinta ta tura mini ƙunshin. Ta ce shi ya ce a ba ni. Na kwance. Rigar tana nan yadda ya ninke ta a jirgi, wurin ninkin har ya koɗe. Da na ɗaga ta na ji wani abu mai tauri a aljihun ƙirji. Katin gayyatar ne. A ƙarƙashin layin Larabci na ƙarshe, wanda na tsallake, an bi da allura da zaren tsamiya an ja layi, tun daga farkonsa har ƙarshe. Ɗinkin ya karkace, wani taku dogo wani gajere, ba irin hannun da ya yi aska takwas ba. Hannun mai ido ɗaya ne.

“Tun yaushe, Inna?”

“Tun makon da kuka dawo daga Masar. Da shi ya fara gwada idon, kafin ma ya buɗe Alƙur'ani.”

“Me ya sa bai yi mini magana ba?”

“Ya ce kana da aikin da kake tsoron rasawa, kada a ƙara maka nauyi. Ya hana ni in faɗa.”

“To rigar fa? Ai da ya sa ta a nan, cikin mutanenmu. Wa zai hana shi?”

Inna ta dube ni, idonta a bushe. Ba ta taɓa yi mini kallo irin wannan ba.

“Na tambaye shi, ba sau ɗaya ba. Ya ce rigar da ɗansa ke jin kunyarta, ba zai sa ta a gaban mutane ya ƙara masa wata kunyar ba.”

Shekara tara ya yi da wannan a cikinsa, yana sa mini albarka kowace safiya. Ya ba rigar nan shekara huɗu da ido ɗaya, abin da ya roƙa kawai ya gan ta a jikinsa sau ɗaya cikin mutane, ni kuma na hana shi don in ɓoye abin da kowa ya riga ya sani. Na je kabarinsa na faɗi maganar da na kasa faɗa a kan tabarma, na yi masa umara ba adadi, na yi sadaka. Malamai sun ce mini Allah mai gafara ne, kuma ban musa ba. Amma wanda ya kamata ya ce mini “na yafe” ya tambaye ni ne ko ya ba ni kunya, na ce masa ya yi daidai, kuma a nan maganarmu ta tsaya har abada. Ban sami sauƙin wannan ba, kuma a shekaruna na daina sa ran samu.

Rigar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, katin yana aljihunta. Ban taɓa sa ta ba, ba ni da fuskar sawa. Na san a cikinku ma ba mai sa ta, ko yadda ake naɗe hannun riga a kafaɗa ba ku sani ba, kuma ba laifinku ba ne, ni na rene ku da Larabci ina amsa sunan Tahir har a gidana. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kun sauke hoton, kada ku cire ƙusar, mai ƙarfi ce, za ta ɗauki nauyin riga. Ku rataye ta a wurin, ƙirjinta yana kallon ƙofa. Idan baƙo ya tsaya a gabanta ya tambaya, kada ku gyara mini labari. Ku ce kakanmu Malam Ilu ne ya ɗinka ta da hannunsa, ubanmu Ɗahiru ya hana shi sawa.